Shanyar ranar Lahadi

Yau Lahadi, kuma rana ta fito. Kwana tara ke nan ana yayyafi da iska, kayan aikina duk sun yi warin danshi, ga igiya can a bayan gida iska na kaɗa ta ba komai a kanta, ni kuma ina zaune da kwandon jiƙaƙƙun kaya a gaban hita. Ko za a ba ni fam ɗari ba zan fita in shanya su ba.

Na iso tsibirin Lewis a watan Mayun 2024 da bizar masu kula da tsofaffi, daga Funtuwa. Da takardar aiki ta zo na ga an rubuta Sikotlan, sai na ɗauka Glasgow ce ko wani gari kusa da ita. Sai da mota ta kai ni Ullapool, aka ce in shiga jirgin ruwa, muka yi awa biyu da rabi a kan teku ina amai a leda, sannan na fara gane inda na kawo kaina. Daga Stornoway, wanda shi kaɗai ne za a kira gari a tsibirin, aka sake yin tafiyar kusan awa guda da ni zuwa arewa, ta cikin wani fili da babu bishiya ko ɗaya, sai baƙar ƙasa mai ruwa da tumaki. Yankin sunansa Nis. In ka wuce shi sai hasumiyar fitilar jiragen ruwa, daga nan kuma sai teku.

Lahadita ta biyu ce na samu hutu. Na tashi da asuba na wanke duk abin da na mallaka: rigunan aiki, hijabai, zanen gado, atamfofina uku, har da ƙananan kayan ciki waɗanda ko a gida ba a shanya su a tsakar gida. Na ce nan wa ya san ni? Na jera su reras a igiyar da ke kallon titi, na ɗauko kujera da kofin shayi na zauna a bakin ƙofa. Can da hantsi sai motoci suka fara wucewa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, maza da baƙaƙen kwat, mata da huluna. Kowace mota sai ta rage gudu a daidai gidana. Ni kuwa ina ta ɗaga musu hannu ina murmushi, a zatona atamfar ce ta burge su. Har hoto na ɗauka na tura wa 'yan gidanmu a WhatsApp, na rubuta “Funtuwa ta iso Turai.”

Washegari tsohuwar da ke maƙwabtaka da ni ta ƙwanƙwasa ƙofa da faranti, ta kawo min wani ɗan burodi da suke gasawa a gida. Ta haura tamanin, Iya nake ce mata, ita ma ta saba har tana amsawa. Muka gaisa, ta leƙa bayan gida ta ce, “'Yata, ai Litinin rana ce mai kyau ta shanya. Mu nan Litinin muke wanki.” Na ce to Iya, na gode. Na cinye burodin.

Lahadi ta zagayo na sake shanyawa.

Nan ne abin yake ci min rai har yau. Ni da na tashi a gidan mata uku, inda in kishiyar Inna ta ce “yau miyar ta yi daɗi” kowa ya san gishiri ne ya yi yawa, a ce habaici ya wuce ta kaina ban ji ba? An zo har ƙofa, da faranti, an faɗa min cikin mutunci, ni kuma na ɗauka hirar yanayi ake yi. Sai ranar Alhamis a cikin mota abokiyar aikina, 'yar garin, ta yi ta kame-kame kafin ta ce min a nan ba a shanya ranar Lahadi, ba a wanke mota, ba a yankan ciyawa. Na tambaye ta mutum nawa suka gani. Ta yi shiru, sannan ta ce an yi maganar a gidan kakarta, kuma gidan kakar tata ƙauye huɗu ne tsakaninsa da namu.

Na dawo gida na rufe ƙofa na yi kuka kamar an aiko min da mutuwa. Babu wanda ya zage ni, babu wanda ya canza min fuska, kuma da an zage ni ɗin da ya fi min sauƙi. Abin da na tuna a daren shi ne wata yarinya 'yar bautar ƙasa da aka taɓa kawowa unguwarmu, ta zauna a dakalin ƙofar gida da rana tsaka cikin azumi tana cin burodi da lemo. Ni ce kan gaba wajen cewa ba ta da tarbiyya. Ban je na faɗa mata ba, ban kai mata faranti ba. A bayan idonta muka yi ta yi har ta gama shekararta ta tafi.

Lahadin nan ba wasa ba ce a wurinsu. Bas ba ta zuwa, shagon yankin a rufe, titi tsit kamar an yi shara. Tsofaffin da nake kula da su suna ba ni labarin lokacin da har lilon yara ake ɗaurewa da sarƙa daga daren Asabar. Jirgin ruwan Stornoway bai fara tashi ranar Lahadi ba sai 2009, kuma sai da aka kai ruwa rana. A ƙarshen 2024, ina nan, babban kantin Tesco ya fara buɗewa ranar Lahadi, aka yi ta tattara sa hannu ana adawa. Abin dariya, na tsinci kaina ina goyon bayan tsofaffin, ni da ban taɓa taka cocinsu ba. In iska ta juyo nakan jiyo waƙar ibadarsu da harshen Gelik, mutum ɗaya ya ja baiti jama'a su amsa a hankali, kowa da nasa jan murya. Ranar da na fara ji sai da tsigar jikina ta tashi, don sak makarantar allon ƙofar gidanmu bayan Magariba.

Kar a ce kuka kawai na zo yi. Na koyi tuƙi a kan 'yan siraran titunan nan masu cin mota ɗaya, inda dole ɗaya ya raɓe ya ba ɗaya hanya, a ɗaga wa juna yatsa. Na iya gaisuwar safe da Gelik, kuma akwai wani dattijo da ya manta Turancinsa saboda ciwon mantuwa, ba ya yarda kowa ya yi masa aski sai ni. Na iya hura wuta da baƙar ƙasar nan da suke yankowa kamar tubali su busar, hayaƙinta ya kama hijabi ya ƙi fita. Da kuɗin wannan aikin aka yi wa Inna aikin ido, da shi na biya kuɗin makarantar yara na shekara guda a dunƙule, abin da ban taɓa yi ba tun da aka yi min aure. Duk wanda ya ce wankin kashin Turawa na zo yi, ya je ya tambayi Inna wa take gani yanzu in an shigo ɗakinta.

Yaya ne ya fi damuna da maganar gida da fili. Ya ga wani rubutu a Facebook wai ana ba mutum fam 50,000 in ya yarda ya koma tsibiran Sikotlan, ya turo min sau uku, da saƙon murya: “Ke da kike can me kike jira? Ki karɓa ki sayi gida, mu ma a samo mana hanya.” Na ce Yaya, an yi wannan maganar da gaske, amma gwamnati ta janye ta tun 2022, ko sisi ba a ba kowa ba. Bai yarda ba. A ganinsa ɓoyewa nake.

Gidaje kam akwai su. Daga tagar kicin ina ƙirga guda biyar da ba a kunna fitila a cikinsu. Biyu masu su sun mutu, 'ya'yan suna Glasgow ko Kanada, ba su sayar ba, ba su dawo ba. Sauran sai da bazara baƙi 'yan yawon buɗe ido ke haya na mako guda. Kuɗin gida a nan bai kai na manyan birane ba, amma ni da bizata ke ɗaure da wurin aiki, wane banki zan tunkara? Filin noma kuwa, wanda suke kira kuroft, wata doguwar gona ce siririya daga bakin titi zuwa wajen teku, kuma akasari haƙƙin riƙo ake gada ko a saya, sai hukumar da ke kula da su ta amince, sannan dole mai riƙon ya zauna cikin kilomita 32 daga gonar, ya kuma yi amfani da ita. Ƙasar kanta ta jama'a ce: tun 2007 mutanen ƙauyuka 22 na wannan ɓangaren suka haɗu suka saye ta daga hannun masu ita. Da na yi wa Yaya wannan bayanin sai ya ce, “To ai gandu ne.” Na ce kusan haka, har rigimar gadon ma iri ɗaya ce, sai dai su ba sa ɗaga murya.

Iya ce ta fara yi min tambayar da nake gudu. Ta ga hoton yara a wayata ta ce, “Su uku? To me suke yi a can? Kawo su mana, makarantarmu yara take nema.” Da gaskiyarta. Motar makaranta in ta wuce da safe kujerun da ba kowa sun fi yawa. Na rasa yadda zan yi mata bayani cewa daga 11 ga Maris 2024 an hana masu irin aikina zuwa da iyali, ni kuma takarduna a Afrilu suka fito. Makonni kaɗan ne tsakani. Wadda muka yi jarabawar Turanci tare da ita ta riga ni turawa, yanzu tana Ingila da mijinta da 'ya'yanta. Ni ga ni a gida mai ɗaki uku ni kaɗai, a ƙauyen da ke neman yara ido rufe, nawa kuma suna can su uku a kan katifa ɗaya a ɗakin Inna. Iya ta daɗe tana kallona, ta ce wani abu da Gelik wanda ban gane ba, ta tashi ta ɗora ruwan shayi.

Zuwa gida ma ba a cewa gobe zan tafi. Bas zuwa Stornoway, jirgin ruwa zuwa Ullapool, wata bas ɗin zuwa Inverness, daga nan Landan, daga Landan Abuja, sannan a kama hanyar Kaduna. Kwana biyu in komai ya tafi daidai. Akwai ƙaramin jirgin sama da ke kai mutum Glasgow cikin kamar awa guda, mazauna tsibiri ana rage musu kuɗi, amma shi ma iska ce ke da iko da shi. Da sanyi in teku ta yi fushi sai a soke jirgin ruwa, ka shiga shago ka tarar da wurin burodi da madara wayam, naman halal ɗin da muke haɗa kuɗi mu yi oda daga birni ya kwana a wancan ƙetaren. Lokacin bikin ƙanwata na yi lissafi a bayan takardar albashi har sau uku, na ajiye biro, na tura kuɗin gado da katifa. A waya na kalli kamu, hoton yana tsayawa yana tafiya.

Akwai masallaci a Stornoway, ɗan ƙarami, an buɗe shi a 2018, can nake zuwa Idi in aiki ya bari, in gaisa da matan Siriya da na Pakistan. Ba mai jin Hausa. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai bayan tara, kafin huɗu ta faɗi, Azahar da La'asar da Magariba duk a gidajen mutane suke riskata, in nemi lungu in shimfiɗa ɗankwali. Wata rana na kama kaina ina yi wa tunkiyar Iya magana da Hausa ta kan shingen waya, ina tambayarta ko ta ƙoshi.

Tun daga waccan Alhamis ɗin ban sake taɓa igiya ranar Lahadi ba. Iya ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Sai dai in na shanya ranar Litinin na tafi aiki ruwa ya sauko, nakan dawo in tarar da kayana a ninke cikin leda a bakin ƙofa, ƙananan a can ƙasa an rufe su da zanen gado.

Ɗazu na kira gida. Inna ta ce babbar ta fara yi wa ƙannenta wanki, ba wanda ya sa ta. Shekararta goma sha ɗaya. Na ce a juya min waya in gani. Ga igiyarmu nan daga bishiyar darbejiya zuwa ƙusar bangon kicin, ga rigunan makaranta an jera, ranar Funtuwa na dukansu, nan da awa ɗaya sun bushe ƙayau. Ba ta matse su da kyau ba, ruwa na ɗiga, kuma ba ta juya su ciki waje ba, rana za ta cinye launin. Na fara faɗa, ina cewa wa ya koya miki shanya haka, sai Inna ta karɓe wayar ta ce, “Ke dai ki yi mata addu'a.” Na ce a mayar mata in ce ta juya rigar autan ko ita kaɗai, don ita ce sabuwa. Kafin a miƙa mata layin ya yanke, na sake kira sau huɗu bai shiga ba.