Na ƙara girman bireka maimakon in ja wa hita layinta, ga abin da ya biyo baya

Ƙannena masu sabon gida ko masu shirin sa hitar ruwa da esi da kukar lantarki, wato murhun girki mai amfani da wuta, dan Allah ku tsaya ku ji wannan kafin ku taɓa akwatin wutar gidanku. Ni na yi kuskuren da kaina, kuma Allah ne kawai ya kiyaye gidan bai kama da wuta ba.

Lokacin da na sa hitar ruwa a banɗaki ban ja mata layi daga akwati ba, kawai sai na ɗauko wuta daga soket ɗin da ya fi kusa, wanda yake layi ɗaya da injin wanki da wurin da ake guga. Wayar layin mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ce, bireka kuma, wato makunnin cikin akwati da ke yanke wuta da kansa in an ja ta da yawa, mai amfiya 20. Kwana biyu lafiya lau, sai aka fara, da an kunna hita ana guga sai bireka ta faɗi, a je a ɗaga, ta sake faɗuwa. Abin ya dame ni sosai, sai zuciyata ta ce min ai birekar ce ta yi ƙarama. Na je na sayo mai amfiya 32 na cire waccan na sa wannan, shi ke nan faɗuwa ta tsaya, ni kuma a ganina na gyara.

Lissafin da ban yi ba kuwa ko yaro zai iya yinsa. Ka duba jikin kowace na'ura akwai ɗan lakabi da aka rubuta wat ɗinta, ka raba wat ɗin da ƙarfin wutar gidan, abin da ya fito shi ne amfiyar da take ja. Hitata wat 3000 ce, a kan volt 230 tana jan amfiya 13. Dutsen guga mai wat 2000 yana jan kusan 9, injin wanki ma idan yana ɗumama ruwa kusan 9 ɗin ne. Ka haɗa ka ga 31. Ita kuwa waya mai 2.5 abin da take iya ɗauka bai wuce amfiya 20 zuwa 27 ba, ya danganta da yadda aka binne ta, wadda ke cikin bututu a bango ta fi saurin ɗaukar zafi. Kuma zafin waya ba ya tafiya daidai da ƙarin wutar, in ka ninka amfiya sau 2 zafin sau 4 yake ninkuwa. To birekar farko da take ta faɗuwa aikinta take yi, ni ne na toshe mata baki.

Wajen wata 3 bayan nan wata rana da yamma na shigo na ji warin roba tana ƙonewa, na bi warin har bayan injin wanki. Fuskar soket ɗin ta koma ruwan ƙasa ta gefe ɗaya, na sa bayan hannu na ji zafi rau kamar an ajiye shi a rana. Na kashe babban makunni na kwance shi, wallahi abin da na gani har yanzu yana idona, robar jikin wayar ta yi baƙi ta bushe, ina taɓa ta tana marmashewa, jan ƙarfen a fili, ga wani sukurun da ban ɗaure sosai ba ya narkar da gurbinsa. Yara suna kwana a ɗakin da ke jikin bangon nan.

Washegari na kira wani dattijo mai aikin wayarin, ya duba akwatin ya dubi soket, ya ce, “Ɗana, wa ya sa wannan birekar?” Na ce, “Ni ne, Baba.” Ya ce, “Bireka ba don hita aka yi ta ba, don waya aka yi ta. Waya ake fara dubawa sannan a zaɓa mata bireka.” Wannan maganar ita ce dalilin wannan rubutun gaba ɗaya. In bireka tana yawan faɗuwa, ko dai kaya sun yi wa layin yawa ko akwai matsala a wani wuri, kada ka kuskura ka sa babba a kan tsohuwar waya.

Abin da ya yi shi ne ya ja wa kowace babbar na'ura layinta daga akwati, babu soket ko ɗaya da ya rataya a hanya. Hita ta samu birekarta mai amfiya 20, da makunni mai yanke waya biyu lokaci guda, wato mai wuta da nutural, aka kafa shi a wajen banɗaki inda jiƙaƙƙen hannu ba zai kai ba. Kukar lantarki kuwa ita ce babba a gidan, don in ka kunna kawunanta da oban tana iya wuce wat 7000, sai ya ja mata waya mai 6 da bireka 32 da makunninta mai amfiya 45, ba fulogi ba soket, haɗi ne kai tsaye. Soket na gama-gari mai amfiya 13 iyakarsa wajen wat 3000 ne, shi ma in aka daɗe ana jan hakan sai ka ji fulogin ya yi ɗumi. Esi ma layinsa daban, kuma ya zaɓi bireka mai harafin C, saboda kwamfiresa, wato injin da ke cikin esi, irin wadda ba inbata ba tana fizgar wuta ninkin-ba-ninkin a daƙiƙar da take tashi, mai harafin B sai ta riƙa faɗuwa alhali babu laifin komai. In kuma layin zai yi nisa sosai daga akwati ana ƙara kaurin waya don ƙarfin wuta yana raguwa a hanya.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, kuma shi ne yake hana ni barci in na tuna. Hitar nan waya biyu kawai na haɗa mata, wayar ƙasa mai launin kore da rawaya, wadda masu aikin ke ce wa atin, na naɗe ta na tura cikin bango don a tunanina ai ba ta aikin komai tunda hita na yin zafi ba tare da ita ba. Ƙanwata ta taɓa ce min, “Yaya, famfon banɗaki yana ɗan ja na in na taɓa,” na ce mata ƙila sanyin ruwa ne. Ashe ƙarfen da ke ɗumama ruwan ne ya fara tsagewa wuta na zurarewa cikin tanki. Bireka mai amfiya 20 ba za ta taɓa ganin wannan ba, don wutar da ke iya dagula bugun zuciyar mutum ba ta kai ko kashi 1 cikin 10 na amfiya ɗaya ba, ga mutum a jiƙe ba takalmi. Maganinsa atin mai kyau da aka gwada da mita, da kuma na'urar kariya da ake kira RCD mai miliamfiya 30, ita tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, da ta ga bambanci sai ta yanke cikin ƙiftawar ido. Duk wanda ya ce maka famfo ko jikin firiji ko injin wanki yana jansa, kashe layin a take, kar ka tsaya musu.

Sai maganar waya ta jabu. Ragowar wayar da na saya da kaina Baba ya kankare bakinta da wuƙa, sai ga fari ya fito a ƙarƙashin jan, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Irin wannan ba ta ɗaukar wuta kamar ta gaske kuma tana saki a bakin sukuru. Ka kankare kafin ka biya.

Masu koyo a bidiyo kuma ku lura da ƙasar mai bidiyon. A Amurka soket ɗin gida volt 120 ne, manyan kaya irin su na'urar busar da tufafi su ake ja wa 240 da bireka mai baki biyu, lambobin wayarsu ma daban suke da milimita, to in ka kwafi lissafinsu a gidan da ke kan 230 ka ɓata.

Ni yanzu lissafi da sa ido ne nawa, buɗe akwati da jan sabon layi na bar wa mai takardar shaidar aikin, kuma ina tsayawa a kansa in ga ya kashe wuta ya gwada da mita kafin ya taɓa, ba da ɗan tasta mai fitila kaɗai ba, in ga ya ɗaure kowane sukuru tamau, ya rubuta sunan kowane layi a jikin murfin akwati. Duk bayan 'yan watanni ina danna maɓallin gwaji na RCD in tabbatar tana faɗuwa, kuma in esi ko hita ta yi rabin awa tana aiki nakan sa bayan hannu a makunninta in ji ko ya ɗau zafi.