Laraba: wuta ta ƙi shiga zaren gilashi

Hunturu ya kama Kumasi. Da zan sauka daga trotro, motar haya, a bakin jami'a na taɓa ƙofa, sai tas, ta ɗana ni a yatsa. Na yi dariya. Tartsatsin da na samu kyauta da safe shi na wuni ina roƙo a ɗakin gwaji.

Da bututun gilashi mai faɗin milimita 1 ba a sha wahala ba. Muka zuƙe iskar ciki, muka saka 'yar iskar gas da ake kira argon, na murɗa wuta a hankali, sai ga layin haske ruwan shuni, miƙe kamar an ja shi da rula. Daga nan Dokta ya buɗe wani ɗan kwali, ya ɗauko guntun zare mai rami a tsakiya da wani abokinsa ya aiko masa, irin wanda aka fara tura haske ta cikinsa a Jami'ar Bath ta Ingila a 1999. Ramin bai wuce kaurin gashin kai ba. Fitar da iska daga ciki kaɗai ya cinye mana daga azahar har la'asar, don ƙanƙantar rami iskar ma rarrafe take yi.

Na shigo da lissafina na dokar Paschen ta 1889 ina taƙama: matsin iska sau tazarar ƙarafa biyun da ake jona wa wuta, shi ke faɗa maka ƙarfin wutar da zai fasa iskar. Na kai adadin, shiru. Na ƙara, shiru. Can sai wani ɗan ƙyalli a baki ɗaya, ya mutu. Dokta ya ce in kashe kafin in ƙona masa bakin zaren, ba shi da wani.

Da dare na biya shagon Kawu a Aboabo, na same shi yana canza wa dogon ƙwan lantarki sitata, yana kurɓar koko da ya huce. Na kwashe labari na ba shi.

"Ɗana, ramin ya matse ke nan?"

"Ƙwarai, Kawu."

"To ka taɓa kora garken awaki ta lungun bayan masallaci? Rabi a jikin bango suke maƙalewa."

Na yi shiru, don abin da littafina ya ɓata shafi uku yana faɗa ke nan. Ilektoron, ɗan mitsitsin da ke ɗauke da wutar lantarki, na bukatar fili ya yi gudu, ya bangaji ƙwayar argon, ya fizge mata wani, su zama biyu, su zama huɗu. A siririn rami kuwa kafin ya haifi na biyu ya faɗa jikin gilashi ya salwanta. Shi Paschen tsakanin ƙarafa a sarari ya auna nasa, ba bango a kusa.

Kawu ya murɗa ƙwan, ya yi ƙifce sau biyu ya kama. Ya ce gobe in taho masa da zaren ya gani. Na ce Dokta ko numfashi ba ya bari a yi kusa da shi.