Lambar buƙata da ke ɓacewa a tsakiyar aiki

Daren da na fahimci nauyin lambar buƙata, wato alamar da ake ba kowace buƙatar da ta shigo saba domin a iya bin sawunta, ina zaune ne gaban rajistar ayyukan wata sabar biyan kuɗi da muka rubuta da Node.js, manhajar da ke gudanar da harshen JavaScript a saba, ina neman dalilin da ya sa cinikin mutum ɗaya ya maƙale. Layukan sun cakuɗe kamar gero da dawa a buhu guda, domin Node.js a kan zare ɗaya, wato layin aiki guda, yake gudanar da JavaScript: da zarar buƙata ta tsaya jiran amsar rumbun bayanai, sai sabar ta juya ga wata, kuma kafin ta waiwayo ta taɓa wasu da dama. Dabarar ThreadLocal ta Java, wadda ke liƙa bayani a jikin zare, ba ta da amfani a nan, tunda zaren na kowa ne.

Da farko mun riƙa miƙa lambar buƙata hannu da hannu daga wannan aiki zuwa wancan, irin tsarin da harshen Go ya bi da kunshin context tun 2016. Hanya ce a fili, sai dai ko aiki ɗaya ya manta, igiyar ta tsinke.

AsyncLocalStorage, wurin ajiya da ke bin kowace buƙata da bayananta, wanda ya shigo Node.js a 2020 cikin siga 13.10 kuma aka tabbatar da shi a 16.4, ya sauƙaƙa mana. A ƙofar shiga muke kiran run() mu ajiye lambar, sannan duk aikin da ya samo asali daga nan, ko bayan await goma ne, wato tsayawa jiran amsa sau goma, getStore() zai dawo masa da ita.

Inda na sha wuya shi ne wani tsohon kunshin manhaja (library) da ke tara masu jiran haɗi da rumbun bayanai a layinsa na kansa. Idan haɗi ya samu, yakan kira na gaba daga cikin mahallin buƙatar da ta sake shi, sai kuskuren wani ya fito ɗauke da lambar wani. Wannan ya fi rashin lambar muni, domin na yi sa'o'i ina bin sawun cinikin da lafiyarsa lau. Mun gyara ta hanyar ɗaure kowane kira da AsyncResource.bind, wanda ke riƙe masa mahallin buƙatarsa ta asali, kafin ya shiga layin. Tun daga ranar lambar bin sawu kaɗai nake ajiyewa a AsyncLocalStorage, duk bayanin da ya shafi izinin taɓa kuɗin mutum kuwa da hannu nake miƙa shi.