Yadda na daidaita sautin kwamfuta da gita

A ɗakin da muke gwajin kiɗa a unguwar Zango, nan Damagaram, na ɗora waƙa a kwamfuta don in bi ta da gita, sai na ji sam ba su haɗu ba. Na matsa yatsa gida ɗaya gaba a wuyan gitar (gida shi ne tsakanin ƙarafa biyu da ke gicce a wuyan), waƙar tana sama da ni. Na ƙara gida ɗaya, na wuce ta. Duk wanda ya ji haka kada ya taɓa kunnuwan gitarsa tukuna, domin tazarar da ta faɗa tsakanin gida biyu ita ce ke nuna inda ciwon yake.

Abin da na fara yi shi ne awo. A cikin Audacity, manhajar ɗauka da gyara sauti, na sa ya fitar da sauti tsantsa na La, muryar da ake saita kayan kiɗa da ita, wato Hz 440 (kaɗawa 440 a sakan), tsawon sakan 30, na kara wayata a bakin lasifika da manhajar saita gita a buɗe. Allurar ta tsaya a Hz 479, tsakanin La diyez da Si, muryoyi biyu da ke bin La a sama. Daga nan na san fayil ɗin waƙar ba shi da laifi, tunda sautin da kwamfutar ta haifa da kanta ma ya fito a karkace.

Ga dalilin. Ana ajiye sauti ne gutsure gutsure: faifan CD da akasarin MP3 suna da gutsure 44,100 a kowane sakan, sautin bidiyo kuma galibi 48,000. In na'urar fitar da sauti tana gudu a 48,000, aka miƙa mata na 44,100 ba tare da an juya shi ba, za ta cinye shi da sauri, ƙarin kashi 8.8 cikin ɗari. Murya ta hau da kusan gida ɗaya da rabi, sent 147 ke nan, tunda gida ɗaya na gita sent 100 ne. In abin ya juye, La ta faɗo zuwa Hz 404, waƙa ta yi nauyi. Ko babu manhaja, agogo ya isa shaida: waƙar minti 4 za ta ƙare a minti 3 da sakan 40, ko ta ja har minti 4 da sakan 21.

Windows kan juya adadin da kansa, shi ya sa mutane da yawa ba su taɓa gamuwa da wannan ba. Matsalar na fitowa ne in an jona katin sauti na USB, musamman mai araha, ko in wata manhaja ta riƙe katin ita kaɗai ta ASIO, direban da ke haɗa manhaja da katin kai tsaye. Nawa irin na USB ɗin ne. Na danna maɓallin Windows da R, na rubuta mmsys.cpl, na zaɓi katin, na shiga shafinsa wanda Windows na Faransanci ke kira Statistiques avancées. Can na mayar da adadin gutsuren 44,100, na cire alamar da ke bai wa manhaja ɗaya damar mallake katin, sannan na sa adadi guda a Audacity. Na zare katin na mayar, na sake awo: 440 cif. Ko wanne adadi ka zaɓa ba komai, muddin kati da Windows da manhaja bakinsu ɗaya.

Waƙoƙin da aka kwaso daga kaset nasu daban ne, kuma su suka fi cin lokaci. Zaren kaset ya kamata ya yi tafiyar santimita 4.76 a sakan, amma da wuya ka samu tsohuwar rakoda da ke riƙe wannan. Kuskuren kashi 1 cikin ɗari yana kawo sent 17, kashi 3 kuwa rabin gida ne. A wata waƙa na nemi inda piyano ya ja La mai tsawo shi kaɗai, na maimaita wurin, allura ta nuna 453. Na raba 440 da 453, ya ba ni 0.971, wato a rage gudu da kashi 2.9. A nan umarnin Audacity na sauya gudu ake amfani da shi, wanda ke sauke murya da sauri tare, domin tare suka hau. Na taɓa gwada ɗaya umarnin, mai sauke murya kawai: muryar ta zauna daidai, amma kalangu ya ci gaba da gaggawa, bugunsa kuma ya dusashe. Shi wannan na waƙar da tun asali makaɗanta suka ɗaure kayansu sama ko ƙasa da 440 ne.

In allura tana lilo, tana hawa tana sauka a sauti guda, babu lissafin da zai gyara. Robar da ke juya injin rakodar ce ta saki, ko ƙurar hunturu ta taru a ƴar tayar da ke matse zaren, ko batir ya yi sanyi. A sauya robar, a goge tayar da auduga da alkol, a jona rakodar a wuta, a sake kwasar waƙar daga farko.

Gurmi da garaya da goge ban yarda a tilasta musu 440 ba. Mai gurmi yana ɗaure tsirkiyarsa ne daidai da maƙogwaronsa, kuma a nan daɗin yake. In zan bi irin wannan kiɗa, kayana nake kaiwa wurinsa. Piyanon Yamaha PSR yana da Transpose mai matsawa gida gida, da Tuning mai matsawa kaɗan kaɗan, da su biyu ake kama kowace murya. Gita kuma sai a sauya 440 ɗin da ke cikin manhajar saiti zuwa abin da aka auna, a ɗaure tsirkiyoyi shida a kai. A zafin watan Afrilu nakan sake duba ɗaurin bayan kowace waƙa biyu, don tsirkiya na saki tun kafin kunne ya farga.