Fili a Kumasi: wace takarda ce ke fitowa daga wane ofis

A Kumasi ta ƙasar Ghana mutum kan biya kuɗin fili, ya karɓi takarda ɗaya mai hatimin sarki, ya ajiye a ƙasan akwati, ya ɗauka magana ta ƙare. Da sauran tafiya. Kafin fili ya zauna maka har ka ɗora bulo hankali kwance, sai ka bi ta hannun hukumomi aƙalla huɗu, kowacce da iyakar ikonta, kuma takardar wannan ba ta tsaya wa waccan.

A fara da mai ƙasar. Yawancin filayen Kumasi na kujerun sarautar Asante ne, a ƙarƙashin Asantehene, wato babban sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu II. Sarkin yankin da filin yake shi ke yanka fuloti ya ba da takardar rabo, sannan a kai ta ofishin filaye na Manhyia, fadar Asantehene, a tabbatar. Sarkin Zango da mai unguwa suna da rana wajen shaida da sulhu, don sun san wanda ya riga wani zama, amma sayar da ƙasar kujera ba hurumin su ba ne. Kundin tsarin mulkin 1992 ma ya hana a sayar da ita kwata-kwata. Abin da kake saya haya ce mai dogon wa'adi, bisa al'ada shekara 99 ga ɗan ƙasa mai gina gida. Wanda ba ɗan Ghana ba kuwa ba ya wuce shekara 50. Shi ya sa wasu 'yan'uwanmu na Najeriya da Nijar ke sa sunan aboki ɗan ƙasa a takarda, dabarar da ke tafiya lafiya har ranar da abokin ya rasu, magada suka buɗe akwati suka ga sunan ubansu.

Aikin da ya fi nauyi yana Lands Commission, wato hukumar filaye ta ƙasa. A 2008 aka haɗe ofisoshi huɗu suka zama hukuma ɗaya: masu awo da taswira, masu ƙiyasta daraja, masu rajista, da masu kula da filayen gwamnati. Can za ka fara zuwa tun kuɗinka na aljihu, ka nemi binciken fili. Sakamakon zai nuna sunan wanda ke kan filin, ko an jinginar da shi a banki, ko akwai hukuncin kotu a kansa, ko gwamnati ta karɓe shi tun da daɗewa.

A nan ake yawan cutar mutane, kuma ta hanya mai sauƙi. Hukumar ba ta zuwa ta ga filin da idonta lokacin bincike, lambobin da ke jikin taswirar da ka miƙa take bi. In mai sayarwa ne ya ba ka taswirar, yana iya nuna maka fili a nan, lambobin kuma suna nuna wani kango can da babu rigima a kansa. Sakamako ya fito fes, ka biya, ashe filin da ka taka na wani ne. Maganin abin, ka ɗauki safiyo naka, wato mai awon fili, mai lasisi, ku je tare, ya tsaya a kan turakun siminti na kusurwoyin ya ɗauki lambobi da kansa. Da wannan taswirar za a yi binciken. Ka kuma tambayi maƙwabtan filin, musamman tsohuwar da ke tuya a bakin hanya, don ta san sau nawa aka kawo masu saye.

In komai ya yi daidai, lauya ya rubuta yarjejeniyar haya, kowa ya sa hannu gaban shaidu, a yi rantsuwar shaida a kotu. Daga nan masu ƙiyasi su yanka harajin hatimi ka biya. Ƙasar kujera sai hukumar filaye ta yankin Ashanti ta amince cewa rabon bai saɓa wa tsarin gari ba, kafin a shigar da sunanka a rajista. Wani abu da dokar filaye ta 2020 ta kawo wanda da yawa ba su lura ba: filin da mutum ya saya yana da aure, ba zai sayar ba sai da rubutaccen yardar matarsa ko mijinta. In kana saye hannun magidanci, ka nemi sa hannun uwargida, kada ka ji kunya.

Duk wannan mallaka ce kawai. Izinin gini yana hannun asambili, wato ƙaramar hukuma, kuma sai ka san wacce. Mutane sun saba da KMA, asambilin birnin Kumasi, alhali tun 2012 Aboabo da Asawase da Sawaba suka koma ƙarƙashin asambilin Asokore Mampong, a 2018 kuma aka cire Oforikrom, Suame, Old Tafo, Kwadaso da Asokwa daga KMA, kowacce da asambilinta. Ofishin ministan yanki ba ya ba da famit, ɗan majalisar unguwa ma haka, iyakarsa ya nuna maka ƙofa.

Za ka kai zanen gini mai sa hannun ƙwararru, da zanen ƙarfe da ginshiƙai in bene ne, da taswirar fili, da shaidar mallaka, ga sashen tsara gari. Su fito su duba wurin, ƙaramin kwamitin injiniyoyi ya tantance, babban kwamitin tsara gari ya amince. Abin da suke dubawa shi ne ko tsarin unguwar ya ware wurin don gidaje. Kana iya mallakar fili da takarda mai kyau a hana ka gini, saboda a tsarin nan titi ne zai bi ta ciki, ko makaranta, ko hanyar ruwa. Wanda ya ga yadda rafin Aboabo ke cika da damina ya san dalilin. Mai ginin da ya yi gaban kansa zai wayi gari ya tarar da jan fenti a bango ana umartarsa ya dakata, kuma magina ba za su mayar da kuɗin aikin da suka karɓa ba. Gidan mai, otal ko masana'anta sai an ƙara da izinin hukumar kare muhalli ta EPA da na 'yan kwana-kwana, gidan mai kuma har da lasisin hukumar man fetur ta NPA.

Bayan an shiga gida, takardun biya iri biyu za su riƙa zuwa, kuma mutane na ruɗa su. Harajin gini na asambili ne, bisa darajar da aka ƙiyasta wa gidan. Kuɗin hayar ƙasa na shekara-shekara kuwa ofishin mai kula da filayen kujerun sarauta ke karɓa. Ofishin yana cire kashi 10 cikin ɗari na gudanarwa, abin da ya rage a ba asambili kashi 55, kujerar kashi 25, masarauta kashi 20. Biyan ɗaya bai sauke maka ɗayan ba. Rasit ɗin kowanne ya fito da sunanka da lambar fulotinka, domin in tsohon mai filin ne har yanzu a jiki, shi kake tara wa shaidar biya. Ka kai takardun canjin suna ofisoshin biyu a gyara.