Farin shayi da koren shayi

A 'yan kwanakin nan na zauna na ɗanɗana farin shayi da koren shayi na ganye, wato waɗanda ba a ƙulle cikin 'yar jaka ba. Itace ɗaya ne yake ba da su, bambancin yana wajen sarrafawa. Farin shayi mafi daraja na lardin Fujian a ƙasar Sin toho ne mai lallausan farin gashi, wanda ake bari ya yi yaushi sannan a busar, shi ya sa ruwansa yake fitowa garau da ɗan zaƙi da ƙamshin fure wanda sai an natsu ake jinsa. Ni dai shi ya fi kwanta mini a rai.

Koren kuwa ana yi wa ganyensa zafi da wuri domin kada ya yi duhu. Nau'in da ake kira Longjing na birnin Hangzhou a ƙasar Sin a kasko ake gasa shi, nau'in sencha na Japan kuma turara shi ake yi, sai ya zo da ɗanɗanon ɗanyen ganye. Tafasasshen ruwa yana fito da ɗacinsu, saboda haka ruwa mai zafin digiri 75 zuwa 80 a ma'aunin Celsius ya wadatar, kuma ganyen yana jure jiƙo na biyu har da na uku.