Sai Agusta ake sanin kafinta

Shekara bakwai ke nan ina kula wa kawuna da gidajensa na haya a Kano, biyu a Kurna, ɗaya a Hotoro. Da ya damƙa mini aikin, karɓar kuɗin haya ya ce, amma ban yi wata uku ba na gane rabin aikin gyare-gyare ne: famfo, wayar wuta, masai, rufi. A cikinsu duka rufi ne ya fi ba ni kunya. Mai gyaran famfo in ya gama, sai ka murɗa ka ga ko ruwa ya zo. Kafinta kuwa ya hau sama a watan Maris, ka ji ƙwanƙwasa na awa biyu, ya sauko ya kakkaɓe wando ya ce an gama. Kai kana ƙasa kana ɗaga kai. Mai shaidar aikinsa ɗaya ne, ruwan sama, shi kuma sai bayan wata uku ko huɗu zai zo ya ba da shaida, lokacin kuɗinka sun daɗe da narkewa.

A shekarata ta biyu wata mai haya a Kurna ta aiko ɗanta ya ce ɗakinsu ya yi yoyo a daminar da ta wuce. Na je na ga silin ya yi taswira mai ruwan ƙasa daidai saman gado. Na kira kafintoci uku, kowa ya faɗi kuɗinsa, na ɗauki mafi araha, ina ganin na yi wa Kawu tattali. Mutumin ko tsani bai nema ba. Daga bakin ƙofa ya kalli tabon, ya ce, "Ai ƙaramin aiki ne, yallaɓai, fallen kwano huɗu za a canja." Ga carbi a hannu, ga rantsuwa a baki. Duk da arahar sai da na ƙara taya shi ƙasa, ya yi jim, ya ce ya sallama. Ya karɓi kuɗi gaba ɗaya, ya canja falle huɗu daidai saman tabon, ya tafi.

Ruwan Yuni da na Yuli ba su ce komai ba, sai ɗan danshi. Wani dare a Agusta aka kwana ana tsuga ruwa, da asuba silin ya rufto a kan katifar baiwar Allah. Allah ya kiyaye, ta riga ta kwashe yaran zuwa falo. Na kira kafinta, waya a kashe. Na je inda na same shi tun farko, gindin wata bishiya da masu neman aiki ke zama, aka ce ai ya kwana biyu bai zo ba. Da na kai wa Kawu labari bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "To, araha ba ta ado. Katifar kuma daga aljihun wa?" Daga nawa ta fito.

Limamin masallacin layin ne ya haɗa ni da wani dattijon kafinta, wanda har yau Baba nake ce masa. Na nuna masa ɗakin na ce nawa ne. Ya ce, "Ɗana, ban gani ba." Na ce ga shi kuwa a gabanka. Ya ce abin da ke gabansa inda ruwa ya fita ne, shi inda ya shiga yake nema. Ya aiki yaronsa ya ɗauko tsani, ya shige cikin silin da rana tsaka, ya fi minti ashirin. Sai ya leƙo, kansa duk yana da ƙura, ya ce in hau.

Ranar na fara ganin rufi daga ciki. Zafi kamar tanda, duhu, sai ɗigo-ɗigon haske nan da can kamar taurari, kowane ɗigo huda ce. Ya haska mini jikin wani katako, ga sawun ruwa baƙi ya bi shi tiryan-tiryan. Muka bi sawun da rarrafe, taku kamar huɗu daga saman gadon, har inda kwano ya haɗu da katangar da ta ɓoye rufin. Nan ne ƙofar ruwan. Simintin da aka like bakin kwanon da shi ya tsage, ita kuma kwatar da ke bayan katangar ta cika da ƙurar hunturu da ganyen darbejiya da leda, indararo ya toshe. In ruwa ya yi ƙarfi sai ya taru ya komo baya, ya samu tsagar, ya bi katako, ya je ya ɗiga inda katakon ya ɗan lotsa. Fallayen da aka cire lafiyarsu ƙalau. Sababbin kuma, Baba ya danna ɗaya da babban yatsa ya lotse kamar gwangwanin madara, kuma an buga wasu ƙusoshin a kwarin kwano, hanyar da ruwa ke bi, maimakon a tudunsa. Wato na biya kuɗi an ƙara mini huda.

Tun daga ranar, duk kafintan da ya ba ni farashi daga ƙasa, na gode masa, na ba shi kuɗin mota. Ni ma kuma ina hawa, da tsoron tsanin da komai.

Abin da ya fi yi mini nauyin yarda da shi shi ne ina da hannu a cutar da aka yi mini. Baba ne ya faɗa mini, ba tare da ya kare wancan ba. Ya ce in ka matse ladan kafinta har ya zama babu riba, in mai tsoron Allah ne zai ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa ya tafi, in ba shi ba ne zai karɓa ya fanshe a sama inda ba ka gani. Hanyoyin fanshewar kuma suna da yawa. Katakon da ake jerawa a ɗora kwano a kai, sai ya buɗa tazararsu, ya rage guda uku ko huɗu. Inda falle ke hawa kan falle, maimakon ya ba shi kamar inci 6 a tsawo, sai ya ba shi biyu, ya tsira da falle ɗaya ko biyu a ɗaki, iska kuwa in ta turo ruwa ta nan zai haura. Inda ya kamata ƙusa biyar sai ya buga uku. Babu ɗaya a cikin waɗannan da za ka gane daga tsakar gida. Yanzu in na ji farashi ya yi ƙasa da na sauran da nisa, tambaya nake me aka cire.

Sayen kaya ma na sha wuya kafin na samu tsari. Da farko na ce ni zan riƙa sayowa da kaina don kada a ci da ni, na shiga kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa ni kaɗai, aka cika ni da sunaye. Bandir ɗin kwano falle 20 ne, wannan kowa ya sani, amma bandir biyu na iya zama a gabanka launinsu ɗaya, kaurinsu daban, kuɗinsu daban. Alminiyon ma haka, akwai mai kaurin milimita 0.45 akwai mai 0.55, ido kuma ba ya bambance su, sai ɗan ma'aunin kauri da ake matsa bakin fallen da shi. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba ya jin haushi in ka ce a auna. A 'yan katako na Na'ibawa kuwa na taɓa sayo ɗanyen katako don ya fi sauƙi da kyan gani, ya bushe a sama ya murɗe, ya ɗaga ƙusa. Yanzu tare muke zuwa da kafinta, shi ya zaɓa, ni in biya in karɓi rasit. Na san wasu masu shago suna ajiye wa kafinta 'yar la'adarsa, ban kuma ɗauki wannan abin tayar da jijiyar wuya ba muddin kayan da na gani su aka sauke a ƙofar gida. Abin da ba na yarda a tsallake shi ne shafa wa katako maganin gara kafin a hau da shi, ko da baƙin mai ne, don gara ba ta neman izini.

Wani abu da ban taɓa tunaninsa ba sai da Baba ya tambaye ni: da me aka ɗaure rufin da ginin? Mu a nan hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, iska a gaba ruwa a baya, kuma kusan kowace shekara a Mayu da Yuni sai an ji ta yaye rufin gidaje da azuzuwan makarantu. Sau da yawa ba kwanon ne ke tsinkewa ba, rufin ne gaba ɗaya da katakonsa ke tashi kamar faifai, saboda ɗora shi kawai aka yi a kan bulo. Ya nuna mini yadda ake ratsa langalanga ko siririn rodi a jikin gini a naɗe katakon ƙasa da shi. A gidan Hotoro muka duba, kusurwa biyu babu ɗauri ko ɗaya. Shekara nawa mutane na kwana a ƙarƙashinsa, Allah ne kawai ya tsare.

A kan kuɗi mun taɓa samun saɓani da Baba. Bayan abin da ya same ni, na yanke cewa zan riƙa riƙe wani kaso sai an yi ruwa mai ƙarfi na gani. Da ya gama wani aiki na faɗa masa haka, sai ya ɓata rai. Ya ce, "Ɗana, ba ka ji an ce a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe ba? Yaran nan da suka sha rana me zan ce musu?" Gaskiyarsa ce, don ban faɗa masa tun farko ba, sai da aiki ya ƙare na fito da sharaɗi. Na cika masa kuɗinsa. Daga baya muka zauna muka daidaita: kafin alƙalami kaɗan, kuɗin yara kullum da yamma, ladansa ranar da ya gama, sai ɗan abin da muka amince tun ranar jinga cewa zai jira ruwa. Muna rubutawa a takarda, da adadin falle da kaurinsa da yawan katako, mutum ɗaya ya sa hannu a matsayin shaida. Tun 2023 da darajar naira ta faɗi, har kwanan wata muke sawa a jikin lissafin kaya, don farashin wannan mako ba lalle ya kai na gaba ba.

Baba ba ya iya ɗaukar kowane aiki, dole wani lokaci in nemi wani. Ba na tambayar mutum ko ya iya, kowa ya iya a baki. Cewa nake ya kwatanta mini gida biyu da ya rufa aƙalla damina biyu da suka wuce, in je ba tare da shi ba. Maigida yawanci "ba laifi" zai ce maka, don ba ya son ya ɓata wani. Sai in roƙe shi ya tambayo mini cikin gida, don uwargida ita ta san roba nawa take tarawa in hadari ya haɗo, ita ta san ko an kira mutumin ya dawo ko ya riƙa cewa gobe. Ina kuma son mai rumfa ko shago da aka san shi da shi, wanda in na rasa shi a waya zan same shi a zaune. Magina na da, masu azara da yaɓen soro, a unguwa ɗaya suke da masu gidajen, kowace shekara kafin damina su ne za su dawo su yi yaɓe, wanda ya yi ha'inci a masallaci za a haɗu da shi da asuba. Lambar waya ba ta da wannan nauyin. Ɗan'uwa kuma na daina ba shi aikin rufi, ba don ba su iya ba, sai don in ya yi yoyo ba ka da bakin magana, sai a ce ka tozarta zumunci a kan kwano.

Lokaci ma na canja. A da sai an yi ruwan farko masu haya sun fara kira nake neman kafinta, lokacin da kowa ke nemansa, yana gaggawa, kwano na santsi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu Fabrairu zuwa Afrilu muke zagaya gidajen uku, a share kwata, a buɗe indararo, a bi ƙusoshi.

Bara a Agusta aka kira ni daga Hotoro, ɗakin da Baba ya gyara da hannunsa yana zuba. Na kira shi da zafina, har na ce masa ban zaci haka daga gare shi ba. Bai amsa mini ba, ya ce gobe da safe. Ya zo a adaidaita sahu da yaronsa, shi yanzu gwiwa ba ta barinsa hawa, ya zauna a kan benci ya tura yaron. Ba a jima ba yaron ya leƙo ya ce akwai faifan sola guda biyu a sama. Ashe mai hayar ya kira masu sola a watan azumi ban sani ba, sun huda kwano wuri takwas, huɗu a kwari, ko roba ba su sa wa ƙusoshin ba. Yaron ya like su. Na rasa inda zan sa fuskata, na ce Baba a yi haƙuri, nawa ne. Ya ce in biya mai adaidaita zuwa da komawa, in ba yaron na abinci, in kuma masu solar za su sake hawa a kira shi tukuna.